Shin ƙwayoyin bakteriyan yogot suna zama a bangon hanji?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ana yawan cewa bakteriya masu amfani da ke cikin yogot da kefir (wata irin madara mai tsami da ake sha) suna gyara hanji. Ina neman bayani: idan mutum ya sha su, suna maƙalewa a bangon hanji su zauna ne, ko wucewa kawai suke yi?

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam, Malama. Mafi yawansu wucewa suke yi. Kafin su isa babban hanji sai sun tsallake asid ɗin ciki da ruwan matsarmama, kuma da yawa a nan suke mutuwa, musamman nau'o'i biyun da ake haɗa yogot da su, wato Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Waɗanda suka tsira ba kasafai suke taɓa bangon kansa ba, domin layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta wanda yake sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5, kuma majina mai yauƙi ta lulluɓe shi, ga bakteriyan asali sun riga sun cika wurin. Wasu, kamar Lactobacillus rhamnosus GG, suna da siraran gashi da suke kama wannan majina da su, amma ko su, idan aka daina sha, sukan ɓace cikin kwanaki ko 'yan makonni.

Mai Nazarin Abinci: Bayanin Malam daidai ne, sai dai wucewa ba ta nufin rashin amfani. A kan hanyarsu suna fitar da asid ɗin laktik, wanda yake takura wa wasu ƙwayoyin cuta, kuma wasu bakteriyan babban hanji suna mayar da shi butiret, abincin da ƙwayoyin bangon suka fi dogara da shi. A ɗakin gwaji an ga wasu nau'o'in suna ƙara yawan majinar tare da ƙarfafa ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon, amma ni ina taka-tsantsan da ɗora sakamakon kwanon gwaji a kan cikin ɗan Adam. Amfanin da ya fi tabbata shi ne narkar da sukarin madara, wanda hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince da shi a 2010 ga yogot mai rayayyun ƙwayoyi.

Ma'aikaciyar Jinya: Akwai kuma bambanci tsakanin mutane. A binciken da Cibiyar Kimiyya ta Weizmann da ke Isra'ila ta yi a 2018, an zura na'ura an ɗebo samfur daga bangon hanjin mutanen da aka ba bakteriya masu amfani, sai aka tarar wasu sun karɓi ƙwayoyin, wasu kuwa hanjinsu ya kore su, alhali gwajin bahaya bai nuna wannan bambancin ba. Sannan yogot ɗin da aka dafa bayan ya yi tsami ba shi da rayayyun ƙwayoyi, kuma mai raunin garkuwar jiki ya tuntuɓi likita kafin ya sha bakteriya masu amfani da ake sayarwa a cikin kafso.