Gwajin saƙon gaggawa a Amurka: a kashe wayoyin aji ko a bar su su yi kuka?

Malamar firamare: Assalamu alaikum. Ranar Laraba, 4 ga Oktoba 2023, hukumar agajin gaggawa ta tarayya (FEMA) da hukumar kula da sadarwa (FCC) za su aika saƙon gwaji zuwa wayoyi, rediyo da talabijin a duk faɗin Amurka, ƙarfe 2:20 na rana agogon gabashin ƙasar. Lokacin muna tsakiyar darasi. Ni dai a ganina a kashe duk wayar da ke aji kafin lokacin. Ina da yaron da ƙara mai ƙarfi ke firgita shi, ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. Malama, ban yarda ba. Amfanin gwajin shi ne kunne ya san ƙarar tun kafin ranar da za ta zo da gaske. Ku tuna jihar Hawai a Janairun 2018, da aka aika gargaɗin makami mai linzami bisa kuskure, sai bayan minti 38 aka janye. Mutane sun yi ta gudu ba su san inda za su nufa ba. Gara yaro ya fara jin ta malaminsa na tsaye kusa da shi.

Baban 'yan biyu: Kashewar ma ba ta gama magana ba. Kusan minti 30 turakun sadarwa za su yi suna watsa saƙon, wanda ya kunna waya a cikin wannan lokacin zai iya shigo masa. Mu nan yammacin ƙasar 11:20 na safe ne, dab da cin abincin rana.

Malamar firamare: Malam, naka 'yan shekara 16 ne, nawa 'yan 7. Kuma kar ka manta, yaranmu sun saba da atisayen kulle aji saboda 'yan bindiga. Wayoyi su ɗauki kuka lokaci guda, me kake zaton zai fara zuwa musu a rai? Zan yi musu bayani tun da safe, in bar wayata kaɗai a kunne, shi kuma yaron in ba shi abin toshe kunne.

Maman Ɗalibi: Wani abu da ke damuna: akwai manyan yara masu ɓoye waya saboda halin da suke ciki a gida. Ƙarar za ta tona musu asiri. Don Allah malamai, kar a hukunta kowa ranar nan.

Malamin sakandare: Wannan kam na yarda, Hajiya. Amma Malama, ashe kin bar waya ɗaya a kunne ke nan?

Malamar firamare: Ɗaya, a hannuna, kuma sai na ƙirga musu kafin ta yi kuka.