Radiyo, ekografi, IRM: me za mu kira su da Hausa?

Salam jama'a. Ina neman kalma. Gwaggona na da ciwon fatar nan soriyasis mai saɓa kamar ɓamɓaroki, yanzu ya kai ga gaɓɓai, yatsanta ɗaya ya kumbura sumul tun daga tushe har farce. Likita a nan Garwa ya ce a yi radiyo da ekografi, in ta kama har da IRM, wato hotunan duba cikin jiki da ake kira da Faransanci. Da na ce mata radiyo sai ta ce "ɗan nan, na sauraren labarai?" To ya zan faɗa mata?

Daga Marwa: Radiyo kam ba wahala, hoton ƙashi ne, haka ƴan Najeriya ke cewa. Shi ke nuna inda ƙashi ya zaizaye ko sabon ƙashi ya tsiro a bakin gaɓa, amma fa a farkon ciwon sau da yawa baya nuna komai, shi yasa ake ƙara sauran.

Daga Njamena: ekografi ai hoton ciki ne

Daga Ngaundere: A'a ɗan'uwa, mata masu juna biyu ne suka sa muka saba da hakan, amma a wannan ciwon har a dunduniya ake ɗora na'urar, a shafa man nan mai sanyi a duba inda agara ta manne da ƙashi ko ta kumbura, to yaya za ka ce wa tsohuwa za a yi mata hoton ciki a ƙafa? Sauti na'urar ke turawa ya dawo, ni dai hoton amsa-kuwwa nake cewa.

Daga Marwa: Ya yi tsawo Hajiya, waye zai tsaya faɗin wannan a layin asibiti. Hoton amo.

Daga Ngaundere: To na yarda, hoton amo. IRM kuma hoton maganaɗisu, tunda da shi take aiki, ba haske irin na radiyo ba. Ita ke ganin kumburi a cikin ɓargo da gaɓar ƙugu tun ƙashi bai lalace ba.

Daga Njamena: mu nan mayen ƙarfe muka fi sani

Daga Ngaundere: Kai dai ka ce wa gwaggo za a sa ta cikin maye ka ga ko za ta shiga! A bar maganaɗisu. Kuma ka tambaye ta ko an taɓa sa mata ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki, dole likita ya sani kafin a shigar da ita.