"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": har da bakin dabbar daji?

Ɗan Kawo: Jama'a, karin maganar nan tana damuna. Da damina kwaɗi kan zuba ƙwai rututu a kududdufi, rana ta buɗe, ruwan ya ƙafe, 'ya'yan su mutu cikin taɓo. Su ma ai Allah ne ya tsaga bakinsu. To ina abincin?

Malam na Tudun Wada: Yaro, tushen maganar Alƙur'ani ne. Suratu Hud aya ta 6 ta ce babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah. Arziki aka yi wa alkawari, ba tsawon rai ba. Ɗan kwaɗon ya ci rabonsa har wa'adinsa ya cika, shi ma ya zama rabon balbela.

Malamar Kimiyya, Barnawa: Allah gafarta Malam, ni ba mutuwar ce ke tsaya mini a rai ba, azabar ce. Ku duba zanzaron da ke gini a bangon ɗakunanmu. Yakan harbi tsutsa ya shanye mata jiki ba tare da ya kashe ta ba, ya tura ta cikin ɗakin laka, ya saka ƙwai, ya liƙe ƙofa. Ɗan ya ƙyanƙyashe ya riƙa cinta da ranta, don kada naman ya ruɓe. Dangin wannan ƙwaron ne suka sa Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, a wasiƙarsa ta 1860 ga Asa Gray, masanin tsirrai na Amurka, ya ce ya kasa yarda Ubangiji mai jinƙai ya tsara haka da gangan. Ni ban bi shi can ba, amma ɗalibaina na tambayata, kuma ba na son in rufe musu baki da karin magana.

Baban Ishaya, Sabon Tasha: Malama, mu ma Kirista, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Romawa 8:22 ta ce dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda.

Malam na Tudun Wada: Kimiyya ta gaya miki yadda zanzaro ke yi, ba ta da ta cewa kan ko an gama shari'a. A hadisin Muslim, ranar ƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. Ashe wahalar dabba ba a banza take tafiya ba.

Maman Ummi, Rigasa: Ku kun yi nisa. Mu dai wanda aka sallama daga aiki muke gaya wa wannan magana, don ya samu sanyi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai ɗaure akuya a rana tun safe babu dusa babu ruwa, ka yi magana ya jefo maka karin maganar nan. Ya manta da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Ɗan Kawo: Na yarda da ke, Mama. Amma Malam, tunkiya ta samu mai rama mata. Tsutsar fa, wa za a kama, alhali zanzaron da haka aka halicce shi?