Masu jinyar mai ciwon damuwa a gida, ku ya kuka yi?

Wata daga Kurna:
Salam jama'a. Ƙanwata ce ke fama da ciwon damuwa, likita ya tabbatar har an ɗora ta a magani. Ni ke tare da ita tunda Mama ba ƙarfi. Kowa ya shigo sai "ya mai jiki?" amma wallahi ni ma na kusa kwanciya, bacci ya ƙaurace min, sana'ar atamfata ta tsaya, in na ɗan yi mata tsawa kuma sai in kwana ina jin kamar na yi zunubi. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min me ya taimake shi.

Ɗan Fagge:
Yaya sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ni matata ce bayan haihuwa, tana cikin wankan jego ta daina magana, ta daina cin abinci, yaro na kuka ita kallonsa kawai take. Dangi suka ce iska ce, a yi ruƙiyya. Ban hana addu'a ba amma na ɗauke ta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, sashen ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne maganin ba ya nuna aikinsa nan take, sai an yi makonni, a tsakanin nan kowa na cewa ai ba ya yi, a daina, ni kaɗai nake dagewa. Likita ya ce ko ta warware ta ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma kar a tsayar da shi kwatsam. Da ƙanwarta ta karɓi Asabar da Lahadi ne na fara samun numfashi, in fita shago in zauna da mutane.

Hajiya daga Hotoro:
'Yata ki daina karɓar 'yan dubiya kowane lokaci. Su zo su cika falo, ke za ki dafa shayi, ke za ki wanke kofuna, su tafi da "ki yi haƙuri". Lokacin da nake jinyar maigida wata maƙwabciya ce ta fi kowa, ba ta ma shigowa, da magariba sai yaro ya kawo kular tuwo da miyar kuka, da safe ta haɗa yarana da nata zuwa makaranta. Duk wanda ya ce me zai yi miki, ki ba shi aiki, kar ki ce ba komai.

Ma'aikaciyar jinya, Sheka:
In ta fara cewa gara ta mutu, ko ta fara rabon kayanta, kar ki bar ta ita kaɗai, ki kulle fiya-fiya da magunguna, ku tafi asibiti ranar. Mutane na jin an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau sai su ce hauka, alhali da yawa zuwa suke a duba su su koma gida. Tun 2023 ma akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ke ma in kin je ki faɗa wa likita ba ki bacci, masu jinya suna kamuwa da abin su ma.

Wata daga Kurna:
Na gode sosai. Na kira Yayanmu, ya ce shi zai riƙa kai ta ranar ganin likita. Sista wata tambaya, maganin da take sha da dare yana busar mata da baki ga yawan bacci har azahar, haka yake ko mu koma a canza?