Baƙin Bayan Ɗaki: Musayar Waƙa Daga Zariya

Mai Lambu, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bazara ta tsananta, shi ne jiya da hantsi na ajiye wa tsuntsaye ruwa a gindin gwanda. Abin da idona ya gani ya sa na ɗauki alƙalami. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayar da busasshiyar ƙasa da ruwa.

Bayan ɗakina ɗan sarari ne,
Na ja kunya huɗu na sa kuɓewa.

Ga alayyahu, ga ɗan tattasai,
Ga gwanda a gefe tana ba su inuwa.

Wani kasko ne da ya fashe a baki,
Na cika shi, na koma nesa ina dubawa.

Kurciya ce ta fara sauka,
Ta waiga hagu da dama kafin matsowa.

Ba ta ɗaga kai sama irin na kaza,
Baki a ciki take yi tana zuƙewa.

Sai ga baiwar Allah su biyu,
Namijin ja wur, macen ƙasa-ƙasa kuwa.

Ba sa tsoron fartanyata,
Ina kaftu suna bayana suna tsintowa.

To ku faɗa mini, ya ku Zazzagawa,
Su wa ke zuwa lambunku gaisuwa?

Kawu, Ƙofar Kibo

Wa alaikumus salam, ɗana. Waƙarka ta yi daɗi, sai dai ni baƙina ba ruwa ke kawo su ba.

Ɗana, ka yabi masu shan kasko,
Ni nawa ɓarna ce ke sa su zuwa.

Gyaɗa na binne gwangwani biyu,
Kurege ya bi layi yana tonewa.

Ya miƙe da ƙafa biyu yana kallona,
Wutsiya buzu-buzu, ba niyyar gujewa.

Marai sun mamaye darbejiyata,
Ganyen masarata suke tsagewa.

Dare ya yi jemage na kan mangwaro,
Da safe ƙwallo kaɗai nake sharewa.

Ƙadangaren bakin tulu ne dukansu,
A kar su da nauyi, a bar su da damuwa.

Gobe in Allah ya kai mu, Sabon Gari,
Maganin feshi da tarko za ni sayowa.

Goggo, Samaru

Yaya, barka da yamma. Ni a Samaru na tsufa, gab da gonakin binciken nan da aka buɗe tun 1922, na ga noma iri-iri. Ka saurare ni kafin ka ɗauki hula.

Yaya, don Allah ka ɗan tsahirta,
Lambu ba ya son aikin gaggawa.

Maran da ke tsaga ganyen masararka,
Saƙa yake, ɗakin aure yake ginawa.

Ka ga shi a rataye, kai a ƙasa,
Yana kaɗa fiffike don macen ta yi dubawa.

In 'ya'ya sun ƙyanƙyashe ka lura,
Tsutsar lambunka ake kai musu ciyarwa.

An ce hawainiya ta kiyayi rama,
Ni tawa a kan ramar take zaunawa.

Ido ɗaya gabas, ɗaya na yamma,
Fara na sauka, harshe ya yi cafkewa.

Ga kwaɗo a ƙarƙashin randata,
Wuni yake a laima, ba ya ko motsawa.

Almuru ta yi ya fito aiki,
Ƙwaron da ke cin ganye yake haɗiyewa.

Bushiya na bin gindin katanga,
Ta ji motsina ta dunƙule, ƙaya ta ko'ina kuwa.

Dodon koɗin da ya addabi latas,
Ita ce ke bi dare tana ragewa.

Waɗannan duka ba su karɓar lada,
In ka yi feshi su ma za su yi mutuwa.

Ka yafa tsohon gidan sauro kan iri,
Ka barbaɗa toka bayan ban ruwa.

Ganyen darbejiyar nan taka ma,
A daka, a jiƙa, a tace, a yi yayyafawa.

Auta, Sabon Gari

Kawu, Goggo, ina gaishe ku da girmamawa. Ba na tsoma baki cikin zancen manya, amma abin da Goggo ta faɗa ya faru a gidanmu, kuma har yau yana cina.

Bara farin ƙuda ya kama tumatir,
Na sayo magani ban tsaya karantawa.

Na zuba fiye da ƙima don in huta,
Na fesa har da furen kabewa.

Gari ya waye na zo da bokiti,
Kwaɗi uku a miƙe, ba mai numfasawa.

Ƙudan zuman da ke cika furen da hantsi,
Na yi ta jira, ba su yi dawowa.

Fure ya buɗe, ya yi yaushi, ya faɗi,
Yaɗo har katanga, 'ya'ya biyu na yi tsinkowa.

Goggo, tambaya: wani tsuntsu ɗan baƙi mai sheƙi,
Baiwar Allah yake bi, mene ne dalilin bin kuwa?

Goggo, Samaru

Allah ya yi maka albarka, Auta, idonka na gani.

Macensa ba ta gina sheƙa tata,
Ƙwanta a ta baiwar Allah take sakawa.

Ita ko ta haɗa da nata ta rena,
Ba ta ware ɗan wani wajen ciyarwa.

Kawu, Ƙofar Kibo

Na ji ku. Ban je Sabon Gari ba.

Ƙanwata, zancenki ya shige ni,
Na Auta kuma ya sa ni yin shiru da tunawa.

Yau da asuba na fito masallaci,
Kan rimin unguwa na hango shamuwa.

Biyu ne, da kara a baki,
Ga hadari ta Kufena yana haɗowa.

Na mai da kuɗin feshin aljihu,
Iri zan ƙaro, damina na ƙaratowa.

Na samo tsohon kwano na cika shi,
Ɗana, kurciyarka ta iso nan Ƙofar Kibo shan ruwa.

Amma kurege ban yafe masa ba,
Ƙaya zan shimfiɗa kan kunya in ga ta tonewa.

Goggo, ganyen nan kwana nawa zai yi a jiƙe kafin a tace? Jikokina sun riga sun hau bishiya.