Kar a ba yaro manja in ya sha bilic ko kananzir

Jiya bayan an tashi daga islamiyya muka tsaya hira da matan layinmu kan yaran da ke shan kayan wanke-wanke, akwai wata nas a cikinmu, to ga abin da na riƙe.

Kusan kowa ta yarda babbar matsalar ita ce juye Hypo ko Izal ko kananzir a robar lemo ko ta ruwa, yaro ɗan shekara 2 ina ya san bambanci, yana gani zai kafa kai. A bar komai a robarsa ta asali, a ɗora can sama ko a kulle, ban da ƙarƙashin gado ko bayan ƙofar banɗaki. Masu haɗa sabulu a gida kuma don Allah ku kula da ruwan soda, kamar ruwan sha yake a ido amma ƙona maƙogwaro yake yi.

Inda aka yi gardama sosai shi ne maganar manja da madara, da yawanmu da shi muka taso wallahi, amma nas ɗin ta ce a daina, kuma kar a sa wa yaro yatsa a baki wai ya yi amai, soda za ta sake ƙona shi wajen fitowa, kananzir kuma huhu yake shiga. A wuce asibiti kai tsaye da robar abin da ya sha a hannu ko da yaron ya ci gaba da wasansa. In a ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15 sannan a tafi.

Sai haɗa bilic da Harpic wajen wanke banɗaki, iskar da yake fitarwa guba ce har ga babba.