Tumaki masu ciki da kiwo a gindin itatuwan da ba sa kaɗe ganye

Mai Tumaki:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Makiyayarmu a wajen Jos tana maƙwabtaka da dashen itacen fayin, mai ganye kamar allura, da itacen turare, ga darbejiya a bakin shinge. An ce ganyen fayin yana sa dabba ɓari. In bar tumaki masu ciki su yi kiwo a wurin ko in tsare su?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Maganar ɓarin gaskiya ce, amma shanu ta shafa. A yammacin Amurka akwai fayin da ake kira fandarosa, saniya in ta ci ganyensa a watanni ukun ƙarshe na ciki, wani sinadari a cikinsa yana rage jinin da ke zuwa mahaifa, ta haihu bakwaini, mabiyiya ta maƙale. Tumaki kuwa an ba su shi a gwaji, ba su yi ɓarin ba. Wanda aka fi dasawa a Filato ma wani iri ne daban.

Abin da zan fi jin tsoro shi ne yunwa. Cikin tunkiya wata biyar ne, kuma a makonni shidan ƙarshe ɗan yake yin mafi yawan girmansa. Tunkiyar da aka saki da rani ciki wayam ba ta zaɓe, duk koren da ta gani za ta kama. A ba ta harawa da safe kafin a sake ta, da dusa kamar gram 300 zuwa 400 a rana, da ruwa da gishiri.

Baba Ardo:
Malam ya yi daidai. Amma ka zagaya wurin ka duba ko akwai samberu. Wannan ba ɓari yake sawa ba, kashewa yake, ganye kaɗan ya isa. Darbejiya da turare kuwa tumaki ba sa cin su da yawa saboda ɗaci da wari.

Hajiya Mai Kiwo:
Ƙari a kan na Baba, furen oliyanda da ake dasawa a gidaje da makarantu, mai siririn ganye, yana tsayar da zuciya, kuma busasshensa ma guba ne. Kada a zuba reshen da aka sassabe inda tumaki za su kai. In tunkiya biyu ko uku suka yi ɓari a jere, ka daina zargin itace, ka kira likitan dabbobi ya duba ko bakkale ce, cutar da ke sa dabba ɓari kuma take kama mutum. Kafin ya zo a ware su, a binne mabiyiya, kada a taɓa ta da hannu tsirara, mace mai juna biyu kuma kada ta matso.